Saura Mutum Ɗaya

A zango na biyu na shekarar farko aka haɗa sababbin ɗalibai da Malama Hadijatu, mai koyar da dabarun magana a gaban jama'a a wata kwalejin horar da malamai da ke Daura. Ɗaliban da suka wuce ajin sun riga sun ba da labarinta. Ba ta cika rubutu a allo ba, ba ta kuma ba da abin haddacewa. Raba aji take yi rukuni-rukuni, ta ba kowane rukuni batu, su je su bincika, su dawo su tsaya gaban 'yan'uwansu su yi bayani. Maki kuma na rukuni ne gaba ɗaya. In mutum guda ya ɓata, ya shafi kowa.

Ranar rabo ta bi sunaye huɗu-huɗu. Da ta zo ƙarshe mutum uku suka rage, ta ce su ma rukuni ne. Akwai Fadila, 'yar cikin gari, wadda tun tana sakandare take wakiltar makarantarsu a gasar muhawara, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa babban sakamako take nema don ta wuce jami'a. Akwai Kabo, wanda ya girme wa kowa a ajin, yana da iyali, ranakun da ba karatu kuma kamasho yake yi a tashar mota. Na ukun shi ne Jibril, daga wani ƙauye a ƙasar Baure, ɗan limamin Juma'ar garinsu. Shi ya fi kowa maki a rubutacciyar jarrabawar zangon da ya wuce, amma akwai 'yan ajin da ba su san muryarsa ba. Kusa da taga yake zama, in an kira suna ya ɗaga hannu.

Jibril ne ya kawo shawarar yadda za su raba aikin farko.

"Ni zan yi karatun, in rubuta komai," in ji shi. "Ku sai ku faɗa."

Fadila ta duba rubutun da ya kawo, ta ga ba abin gyara, ta yarda. Kabo ma bai ƙi ba.

Ranar gabatarwa su ukun suka fita gaban aji. Fadila ta buɗe da sallama, ta bayyana batunsu, wato amfanin wasa wajen koyar da ƙananan yara, ta yi kashinta ba tare da ta dubi takarda ba. Tana shirin miƙa wa Kabo sai Malama Hadijatu ta ɗaga biro.

"Dakata. Wa ya rubuta wannan?"

"Tare muka yi, Malama," in ji Fadila.

"Na san rubutun kowa a cikinku. Jibril, kai za ka yi kashi na biyu."

Kabo ya miƙa masa takardar. Jibril ya karɓa ya matso gaba. Shi ya rubuta kowace kalma da ke ciki, da za a tashe shi da tsakar dare a tambaye shi da ya faɗa, amma da ya ɗaga kai ya ga idanun ajin duka a kansa sai ya mayar da idonsa kan takardar. Ya karanta layin farko can ƙasa-ƙasa. Wani daga baya ya ce, "Ba ma ji!" Ya sake karanta layin, murya ba ta ƙaru ba. Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Malama ba ta taimake shi ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta bar shirun ya yi tsawo, har masu dariya suka gaji suka daina. Sannan ta ce su zauna. Ta faɗi makinsu a gaban kowa kamar yadda take yi wa kowane rukuni, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a ajin. Ta ƙara da cewa gabatarwar ƙarshen zango ita ke ɗauke da mafi yawan maki, kowa zai yi magana daidai da ɗan'uwansa, ba takarda a hannu, kuma kowa zai amsa tambaya.

Suna fita Fadila ta tare shi a baranda.

"Malam Jibril, me na yi maka?"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri ake rubutawa a takardar sakamako? Da Hausa fa aka ce ka yi, ba Turanci ba. Hausar da kake yi tun kana cikin tsumma."

Ta juya ta bi Malama ofis ta roƙi a sauya mata rukuni. Malama ta ce ba ta sauyawa a tsakiyar zango, kuma in malamar makaranta take son zama, to ga ɗalibinta na farko nan an ba ta.

Sabon batun da aka ba su shi ne dalilin da ke sa yara ƙaurace wa makaranta ranar kasuwa. Suka fara haɗuwa bayan darasi a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin karatu. Fadila ta zo da dabaru iri-iri da ta samo a waya. Ta ce ya riƙa kallon bango sama da kawunan mutane. Ta ce ya ja numfashi kafin ya fara. Ta ce ya ɗauka ajin duk yara ne 'yan aji ɗaya. In su biyu ne kawai a gabansa yana iya magana, a hankali, kansa a sunkuye. Da zarar wani ya zo wucewa ya ɗan tsaya, sai maganar ta katse.

Kabo ya fi yawan zama a kan tushen bishiyar yana kallo. Wata rana da aka sake katsewa ya ce, "Fadila, bar wahalar da kanki. Abin nan ba a ka yake ba, a maƙogwaro yake. Ustaz ɗin namu bai taɓa ɗaga murya ba a rayuwarsa. Ko ƙarya na yi?"

"A gidanmu ba a ɗaga murya," in ji Jibril.

"To ka zo gidanmu. Ran Asabar da safe ka same ni a tasha, layin Kano."

Ya je. Ya sa farar kaftani da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Tashar ta cika da masu zuwa Kano da Katsina, da masu komawa Zango da Baure, buhunan gero a jibge a gefe, an ɗaure awaki biyu a jikin wata tsohuwar taya. Kabo ya kai shi ya gaida ciyaman ɗin layin, Alhaji Sha'aban, wani mai jiki da ke zaune a benci ƙarƙashin rumfa. Ya ce masa abokin karatunsa ne, murya ya zo koyo. Alhaji Sha'aban ya dubi kaftanin, ya dubi takalmin, ya ce in dai ba zai nemi kaso ba, ga fili nan.

Kabo ya tsaya bayan motar da ke kan layi, ya bugi bayanta da tafin hannu.

"Kano! Kano! Saura mutum ɗaya a tafi!"

Ya juyo. "To, bisimilla."

Jibril ya ce, "Kano." Shi kansa da ƙyar ya ji. Wata mai sayar da fura da ke kusa ta kwashe da dariya, ta ce wannan ai gaisuwar surukai ce.

"Duba nan, Ustaz," in ji Kabo. "Ka ga mutanen nan? Ba wanda ya zo kallonka. Mota suke nema. Ko da ka kake tafiya ba ruwansu, su dai su ji inda motar za ta. Kuma daina fito da ita daga wuya. Daga nan za ka turo ta." Ya dafa masa ciki.

Ranar har azahar bai shigar da fasinja ko ɗaya ba. Ya koma ɗaki muryarsa ta dishe, kaftanin ya yi baƙin mai a gefe. Asabar ta gaba ya sake zuwa, da tsohuwar riga. Kabo ya koya masa kada ya yi ta kira cikin iska, ya zaɓi mutum ɗaya a cikin taron ya yi magana da shi: "Baba mai buhu, Kano ne?" ko "Hajiya, ga gaba ba kowa." In mutum ya juyo, to an gama rabin aiki. Jibril ya ga abin yana ci. Fasinjansa na farko wani tsoho ne mai zuwa asibiti a Kano. Ya karɓi jakarsa, ya zaunar da shi, tsohon ya sa masa albarka.

A hankali muryar ta buɗe. Ba mai daɗi ba ce, tana da kauri, kuma takan fashe in ya ja ta da yawa, amma ana jin ta daga bakin ƙofar tasha. A gindin darbejiya ma abin ya fara sauyawa. Ya daina kallon ƙasa. In wani ya tsaya wucewa sai ya juya ya yi maganar da shi. Fadila ba ta yaba ba, amma ta daina kawo dabarun waya.

Binciken ne bai tafi yadda suka tsara ba. Sun yi niyyar zuwa makarantun firamare biyar su tattauna da malamai da iyaye. Sun je ɗaya a cikin Daura, sun je ɗaya a hanyar Zango, inda hedimasta ya buɗe musu azuzuwa suka ga da idonsu yadda benci ke zama wayam ranar kasuwa. Sauran ukun ba su samu zuwa ba. Damina ta kankama, ranar da suka sa aka wuni ana ruwa, daga baya kuma gwajin wasu darussa ya taso. Da Fadila ta tsara gabatarwar, a kashinta na buɗewa ta sa makarantu biyar.

"Biyu muka je," in ji Jibril.

"Sauran ma abin da za su faɗa ke nan. Talla, kiwo, rakiyar kaya kasuwa. Akwai wani sabo? Kai dai ka riƙe kashinka."

Ya yi shiru, aka wuce wurin.

Cikin makon ne mahaifinsa ya kira shi a waya. Malam Abdulbaƙi ba mai kiran waya ba ne, sai dai a kira shi. Bayan gaisuwa ya ce, "Ka zo gida ran Juma'a," ya kashe.

Tun a motar Baure Jibril ya san dalili, don wanda ke kusa da shi ya nuna masa a waya. Wani direba ɗan garinsu ne ya gan shi a tasha ya ɗauke shi bidiyo, ya tura wa abokai, abin ya zaga gari. Ga shi nan a bayan mota yana bugun ƙarfe yana kiran Kano. A ƙasan bidiyon wani ya rubuta cewa ɗan liman ya ajiye karatu ya zama ɗan tasha.

Bayan an sauko daga masallaci, mutane sun gama gaisuwa sun watse, Malam Abdulbaƙi ya kira shi zaure. Jibril ya cire takalmi ya durƙusa daga gefen tabarma.

"Ladan ya nuna mini kai a waya," in ji mahaifin. "Ka bar makarantar ne?"

"A'a, Malam."

"To me ya kai ka tasha?"

Jibril ya faɗa masa komai, daga ranar da ya tsaya gaban aji ya kasa, har zuwa shawarar Kabo. Malam Abdulbaƙi yana saurare yana jan carbi, bai katse shi ba.

"Da aka kunna abin ban gane muryar ba," ya ce daga baya. "Sai da aka matso mini da hoton. Tun kana yaro, in kana karatu a nan zauren, sai na sunkuyo nake jin ka. Na ɗauka haka Allah ya yi ka." Ya ajiye carbin. "Mutane sun zo mini da maganganu. Na ce musu tasha wurin neman halal ce, mu ma a can muke hawa mota. Wannan bai dame ni ba."

Jibril ya ɗago kai.

"Abu ɗaya ne. Na sa ladan ya maimaita mini sau da yawa, don idona ba shi da ƙarfi yanzu. Kana cewa saura mutum ɗaya. Shi kuwa ya ce mini mutum biyu ne kawai a cikin motar. Haka ne?"

"Haka ake faɗa a tasha, Malam. Kowa ya san ba..."

"Ban tambaye ka yadda ake faɗa ba. Mutum nawa ne a motar?"

"Biyu."

"Saura nawa ta cika?"

"Huɗu."

"To. Da ba a jin ka, abin da ka faɗa tsakaninka da Ubangijinka ne da wanda ke kusa da kai. Yanzu ana jin ka daga nesa. Ka koma tashar in tana yi maka amfani, amma ka faɗi abin da ke cikin motar. Tashi ka shiga ka gaida mahaifiyarka."

Washegari da safe ya dawo Daura, ya wuce tasha kai tsaye. Motar da ke kan layi mutum ɗaya ne a ciki. Ya leƙa, ya ƙirga kujeru, ya bugi bayanta.

"Kano! Kano! Saura mutum biyar!"

Kabo ya juyo da sauri. "Ustaz, lafiya?"

"Biyar suka rage."

"Na sani biyar suka rage! Wa ya ce ka faɗa?"

Wani mai jaka da ya nufo motar ya ji, ya tsaya, ya juya ya fita bakin titi neman motar da ke wucewa. Wasu mata biyu suka yi dariya suka shiga, ɗayar tana cewa yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a tasha. Jibril ya ce, "Saura mutum uku!" Direban motar ya fito daga rumfa yana faɗa, ya ce wa ya kawo masa wannan, so ake ya kwana a layi? 'Yan kamashon layin Katsina suka matso kallo. Kafin a jima an kewaye su, Alhaji Sha'aban ya taso daga bencinsa.

"Kai malam, me ke faruwa?"

Mutanen da ke wurin sun fi 'yan ajinsu yawa, kuma wannan karon shi suke kallo, ba mota ba. Jibril ya juyo. Ya dubi Alhaji Sha'aban shi kaɗai.

"Alhaji, mahaifina ne ya hana ni faɗin abin da ba shi ne ba. Na san ba da mugun nufi ake yi ba, kuma na san yawancin fasinja sun san zancen. Amma akwai wanda bai sani ba. Ranar nan na shigar da wani tsoho mai zuwa asibiti, na ce masa saura mutum ɗaya, ya yarda da ni, ya zauna a motar har rana ta take. Da na faɗa masa gaskiya wataƙila da ya nemi wata hanya. Ni ba zan ce ku sauya aikinku ba, ku kuka san shi. Ni dai in zan kira, abin da ke ciki zan faɗa."

Ya tsaya. Shi kansa ya yi mamakin tsawon maganar.

Alhaji Sha'aban ya gyara hula. "Mahaifinka ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Kai ma ka yi biyayya. Amma nan in aka ce saura biyar, mutum bakin titi zai tafi, direban da ya bi layi tun asuba ya tashi a banza. Muryar da ka zo nema ai ka samu, kowa ya ji. Ka je ka yi karatunka."

Haka zuwansa tasha ya ƙare. Kabo ya raka shi bakin ƙofa yana girgiza kai, ya saya masa rake, ya ce ran Litinin sa haɗu.

Ranar gabatarwar ƙarshe an haɗa ajinsu da wani, ɗakin ya cika har da masu tsayuwa a baya. Rukuninsu ne na huɗu. Fadila ta buɗe kamar yadda ta saba, ta faɗi batun, ta ce sun ziyarci makarantu biyar. Kabo ya yi kashi na biyu a kan abin da iyaye suka faɗa, ya sa ajin dariya da labarin wani uba da ya ce shi bai hana ɗansa zuwa makaranta ba, akuyar ce ba ta yarda kowa ya ja ta kasuwa sai yaron.

Sai Jibril. Ya matso gaba hannunsa ba komai. Ya zaɓi wani dogo a layin ƙarshe, ya yi sallama da muryar da ta sa na gaba suka ɗan ja baya. Wasu suka yi dariya, wani ya ce, "Kano!" a hankali, don bidiyon ya iso kwalejin ma. Bai kula ba. Ya yi bayanin abin da suka gani a makarantar hanyar Zango, da shawarar hedimastan cewa a riƙa fara darasi da wuri ranar kasuwa a tashi da wuri, don yaro ya samu biyun. A tsakiya ya manta abu na uku da zai faɗa. Ya tsaya, shirun ya ɗan yi tsawo, Fadila ta runtse ido. Sai ya ce, "Akwai abu na uku, ya ɓace mini, in ya dawo zan faɗa," ya wuce na huɗu. Bai dawo ba har ya gama. Ya yi sauri a ƙarshe, ya kuma manta bai gode wa masu sauraro ba. Duk da haka an tafa.

Malama Hadijatu ta yi wa Fadila tambaya, ta amsa. Ta yi wa Kabo, ya amsa da ɗan kewaye-kewaye. Sannan ta dubi Jibril.

"A cikin makarantu biyar ɗin da kuka je, a wacce abin ya fi tsanani?"

Ba tarko ta ɗana ba, tambaya ce irin wadda take yi wa kowa. Jibril yana iya cewa ta hanyar Zango ya tsaya nan. Fadila tana kallonsa, Kabo yana kallon silin.

"Malama, biyu muka je," ya ce. "Ɗaya a nan cikin gari, ɗaya a hanyar Zango. Sauran ukun mun sa rana, ruwa ya hana. A cikin biyun, ta hanyar Zango ta fi."

Malama ta dubi Fadila.

"Haka ne?"

"Haka ne, Malama."

Malama ta yi rubutu a takardarta. Ta ce wa ajin, ba tare da ta ɗaga murya ba, duk wanda ya tsaya gaban mutane da lissafin da ba nasa ba, wata rana za a yi masa tambayar da ba shi da amsarta, kuma makarantu biyu da aka je da gaske sun isa a yi magana a kansu. Ta ce ta cire musu maki saboda wannan, ta ba su na iya gabatarwa cikakke, ban da na Jibril da ta ɗan rage saboda abin da ya manta. Da aka haɗa, sun ci darasin da matsakaicin sakamako. Ta kira rukuni na biyar.

A waje Fadila ba ta ɗaga murya ba.

"Da ka ce ta hanyar Zango, ƙarya ka yi?"

"A'a."

"To me ya sa?"

"Ta ce biyar ɗin da muka je."

"Ka san wannan ne karo na farko da na samu irin wannan sakamakon? A gaban aji biyu ka tsayar da ni." Ta gyara mayafinta. "Da a gindin bishiya ka dage, da na cire. Can ka yi shiru, sai nan bakinka ya buɗe."

Jibril ya ce wannan gaskiya ne, a can ya kamata ya dage. Ta ce amincewarsa ba ta ƙara mata komai ba, ta tafi. Har aka yi hutu ba ta sake yi masa magana ba. Kabo ya ce shi dai tunda an ci, alhamdu lillahi, amma nan gaba in za a yi irin wannan a riƙa gaya masa tun da wuri ya san inda zai sa fuskarsa.

A shekara ta biyu Malama Hadijatu ta sake ɗaukar su a wani darasin, ta sake rabo. Fadila ta faɗa rukunin wasu mata uku, Kabo da Jibril kowa da nasa. Rukunin Fadila ne ya fara gabatarwa, a kan koyar da karatu da harshen gida. Sun je makarantu uku, ta faɗi sunan kowace da sunan wanda suka yi magana da shi. Da aka zo tambayoyi ajin ya yi shiru kamar kullum, kowa yana jiran Malama ta yi. Sai aka ga hannu daga wajen taga.

Malama ta ce, "Jibril."

Ya miƙe ya tambaya yadda malami zai yi in ajinsa akwai yaran Fulani da ba su gama jin Hausa ba, don a garinsu haka abin yake. Ya ɗan yi dogon sharhi kafin ya kai ga tambayar. Fadila ta saurara har ya gama, ta ce ba su bincika wannan ba, amma a ɗaya daga makarantun sun ga malama tana zaunar da irin waɗannan yaran kusa da wanda ke jin harsunan biyu. Malama ta ce amsar ta yi.

Bayan darasi suka haɗu a bakin ƙofa, cunkoso ya tsayar da su wuri ɗaya.

"Tambayarka ta yi tsawo," in ji Fadila. "Rabinta ba tambaya ba ce."

"Na lura."

"Ka riƙa fara da tambayar, bayanin ya biyo baya."

Ya ce to. Hanya ta buɗe, ta wuce wajen ƙawayenta, shi kuma ya nufi ɗakin karatu, inda 'yan sabon rukuninsa ke jiransa.